Baffa da Abin da Ya Bari a Kogi

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Baffa ya koma ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa, har sai da aka bi mutane gona-gona aka sanar da su. Kafin azahar ƙofar gidanmu, a wani ƙauye da ke gefen Tiga cikin ƙasar Bebeji, ta cika maƙil. Aka kai shi, aka dawo, aka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiyar da ya shuka da hannunsa. Ni aka zaunar a gaba don karɓar gaisuwa, domin Allah bai bar masa ɗa namiji ba, ni kuma ɗan ƙaninsa ne da ya riƙa tun ina shekara bakwai, bayan rasuwar mahaifina.

Kowa ya zo da abin da zai faɗa. Liman ya ce tun da aka ba shi limanci bai taɓa waiwayowa bayan sallama ya rasa Kofur a sahun gaba ba. Kofur shi ne sunan da duk gari ke kiransa da shi, muƙamin da ya dawo da shi daga yaƙin basasa. Mahaucin unguwarmu ya girgiza kai ya ce, "Allah ya jiƙan Kofur, sojan da bai iya yanka kaza ba." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, aka bi ta da istigfari.

Da la'asar ɗan acaɓa ya sauke wani tsoho daga Kiru, sanye da hular soja wadda ta koɗe har ba a gane launinta. Bai zauna ba. Ya dogara sandarsa ya je ƙofar ɗakin Baffa, ya miƙe iya yadda bayansa ya yarda, ya sara wa ɗakin da babu kowa a ciki. Sannan ya dawo ya kama hannuna ya ce, "Yaro, ya haƙuri? Baffanka namiji ne. Ranar da aka rutsa da mu a kogi, kwalekwalen da yake ciki ne kawai ya tsallako da mutanensa. Ni ina bakin gaɓa, da idona na gani." Na ce masa Allah ya ba da lada, kaina a sunkuye.

Ran sadakar uku sai ga Adda. Tsohuwar Bafillatana ce daga wata ruga a ƙasar Doguwa, can wajen hanyar Riruwai. Ba mu haɗa jini da ita ba, amma tun da na yi wayo nake jin ana ambatonta a gidanmu kamar 'yar'uwa. Yayanta abokin Baffa ne, tare suka shiga soja, shi bai dawo ba. Ta sauke ƙwaryar nono da man shanu a zaure, ta sa aka kira ni. Ta ce, "Ɗan Kofur, yau na sake rasa yayana. Na farko yaƙi ya ɗauke shi, Baffanka ya binne shi da hannunsa. Na biyu kuma ga shi ku kuka binne." Tana magana tana share hawaye da bakin mayafi. Ni kuwa na kasa ɗaga ido na dube ta, domin na san abin da ba ta sani ba, kuma da na yi abin da ya kamata, da ta ji shi daga bakin mai maganar.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Baffa. Amma ba zan rubuta shi da yabo zalla ba, saboda shi da kansa ya hana ni. Ya ce in ya mutu kada in gyara masa labari. Zan faɗi nasa, zan kuma faɗi nawa, wanda shi ne na fi jin nauyinsa.

Baffa dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka. Ba ya cin abinci a natse, kafin ka kai loma uku ya wanke hannu. Bargonsa kullum a ninke yake tsaf a kan gado, ko da yana fama da zazzaɓi. In hadari ya haɗo aka fara tsawa, sai ya ajiye duk abin da yake yi, ya shiga ɗaki ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, har sai ruwa ya sauko sosai. Ba ya yanka. Ragon layyarsa liman yake kai wa, shi ya koma gefe ya juya baya. Ga mu kuma a bakin dam ɗin Tiga inda kifi ya fi nama sauƙin samu, amma ban taɓa ganin ya sa kifi a baki ba, ban kuma taɓa ganin ya taka kwalekwale ba. In zai je ƙetare gara ya zagaya da keke, tafiyar rabin yini.

Yana da wata ɗabi'a da ta fi ba mu dariya. Duk motar da za mu shiga, ta biki ko ta kasuwa, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙirga kawunanmu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "An cika? Ba a bar kowa ba?" Direba ya yi ta faɗa, shi ko a jikinsa. Mu yara muka sa masa suna An-Cika, a bayan idonsa. Ni na fi kowa iya kwaikwayonsa. Wata rana ina cikin yi a bayan masallaci, abokaina na ta birgima don dariya, sai na ga duk sun yi tsit. Na juya, ga Baffa tsaye da fartanya a hannu. Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ta dama ce ke sauka, kai ta hagu kake saukewa." Ya wuce abinsa. Bai dake ni ba, bai kuma sake tayar da zancen ba.

Wannan mutumin da nake kwaikwaya shi ne ya goya ni ranar da maciji ya sare ni a gonar gyaɗa, ina aji huɗu a firamare. Ya ɗaure ƙafar da rawaninsa, ya saɓa ni a baya, ya yi ta gudu a cikin taɓo har bakin titi. Mutane suka ce ya kawo su karɓe shi ya huta, ya ƙi. Abin da nake tunawa shi ne numfashinsa, da maganar da yake ta nanatawa, ban san ko da ni yake ko da kansa ba: "Ba zan sake ka ba. Riƙe ni da kyau. Ba zan sake ka ba."

In aka tambaye shi labarin yaƙi, amsarsa ɗaya ce: "Mun je, mun dawo. Wasu ba su dawo ba." Sai dai in yana cikin nishaɗi, musamman bayan an kai amfanin gona gida, yakan ɗan gutsura mana. Ya ce a can ƙetaren kogi ruwan sama ba ya ɗaukewa, kaki ba ya bushewa a jikin mutum, har fatar tsakanin yatsun ƙafa ta ruɓe. Ya ce dajin ba irin namu ba ne, da rana tsaka sai ka rasa inda rana take, balle ka gane gabas ka yi sallah. Ya ce sun jiƙa garin kwaki a hular ƙarfe da ruwan da ke zuba daga ganye. Bai taɓa ba mu labarin harbi ba.

Wanda ya fi ba da labarinsa shi ne abokin nasa, yayan Adda, wanda yake kira Fillo. A kasuwar Ƙafin Maiyaƙi suka san juna suna samari, Fillo ya kawo maraƙi, Baffa ya kawo gero. Da aka fara shelar ɗaukar soja, Baffa ne ya yi ta zuga shi har ya yarda suka tafi Kano tare, uwar Fillo, Nene, ba ta ma sani ba sai da aka yi kwana biyu. Baffa yakan yi dariya ya ce Fillo bai taɓa sa takalmi rufaffe ba, sai da ya tsaga nasa da wuƙa ta wajen ɗan yatsa, saje ya sa shi tsallen kwaɗo. Ya ce da asuba a cikin rami sai ka ji shi yana kiran sunayen shanunsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar za su amsa. Ya ce Fillo ne ya san ganyen da ake matsawa a ciwo, kuma shi ya ciyar da Baffa a baki sati guda lokacin da zazzaɓi ya kayar da shi. Daga nan sai Baffa ya ce dare bai yi ba amma hira ta ƙare.

Kowace shekara in ruwan shuka ya sauka, sai ya ɗauki fartanya da 'yar jaka ya bi motar Tudun Wada, daga can ya wuce Doguwa. Yakan yi mako guda a rugar su Nene, ya gyara mata bukka, ya yi mata huɗa. Bayan Nene ta rasu bai daina ba, ya ci gaba da zuwa wajen Adda. Inna, matarsa, ta sha yin mita. "Maigida, ciyawa na cin gonarmu, kai kana can kana yi wa wasu noma." Sai ya ce, "Akwai haƙƙi." Ba ya ƙarawa. Duk mun ɗauka haƙƙin abota yake nufi.

Na girma, na yi karatu, na zama malamin tarihi a wata sakandare a Tudun Wada. A nan na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. A aji nakan cika baki da Baffana. Da na ga ba ni da labarin jarumtaka da zan bayar, sai na riƙa ƙirƙira. Na ce shi kaɗai ya tare gada, na ce an harbe shi bai faɗi ba. Ɗalibai suna jin daɗi, ni ma ina jin daɗin yadda suke kallona. Shekara uku da suka wuce, da lokacin tunawa da 'yan mazan jiya ya zo, shugaban makaranta ya ce in kawo wannan jarumin nawa ya yi wa ɗalibai jawabi.

Baffa ya ƙi. Na yi ta roƙo, na ce mutuncina ne a wurin aiki. Ya ce, "Malam," haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "abin da kake so in faɗa ba ni da shi." Na ce ya zo ko gaisuwa ce ya yi. Ya zo don ni. Na so ya sa tsohon kakinsa, ya ce tun shekarar da ya dawo ya ƙone shi. Farar riga ya sa, na goyo shi a babur.

An tara ɗalibai a fili, an kafa lasifika. Na gabatar da shi da kirari iri-iri, aka yi tafi. Ya karɓi abin magana ya yi sallama, ya ce musu su yi karatu, su roƙi Allah kada ya nuna musu yaƙi. Sai wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta miƙe ta ce, "Baba, mutum nawa ka kashe?"

Baffa ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "'Yata, a daji mutum harbi yake yi, bai san inda harsashi ya faɗa ba. Wanda na tabbatar ɗaya ne. Na san sunansa, na san uwarsa. Kuma namu ne."

Lasifika na ɗaukar ƙarar numfashinsa. Na ga shugaban makaranta ya dube ni, na ga malamai na kallon juna. Ban yi tunanin Baffa ba ko kaɗan, kaina na tuna. Na yi sauri na karɓe abin maganar daga hannunsa, na yi 'yar dariya na ce, "Kun san tsufa, wani lokaci Baffa sai ya haɗa mafarki da gaskiya. A tafa masa!" Ɗalibai suka kwashe da dariya, suka tafa. Wani daga baya ya yi fito. Baffa ya juyo ya dube ni, irin kallon da ya yi mini a bayan masallaci ina yaro, sai dai wannan karon bai ce komai ba.

A hanyar komawa bai riƙe ni ba, ƙarfen bayan babur ya riƙe. Da muka iso Ƙafin Maiyaƙi ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Ya sauka ya ce, "Koma bakin aikinka, Malam, kada a neme ka." Ya tsayar da ɗan acaɓa ya hau. Ina tsaye ina kallo har suka ɓace. Maimakon in bi shi in durƙusa, sai na hau fushi. Na gaya wa Goggo, ƙanwarsa, wai ya kunyata ni a gaban jama'a. Goggo ta ce, "Kai ka kai shi, ko shi ya kai kansa?" Na yi fiye da shekara biyu ba na zuwa gida sai da sallah, in na zo ma gaisuwa ce a tsaitsaye.

A daminar bana ƙafafunsa suka kumbura, ya daina fita masallaci. Ya aiko Goggo ta kira ni a waya. Na zo ranar Asabar, na same shi a rumfar tsakar gida bayan azahar, an jingina shi da buhun masara. Ya sa Inna ta ba mu wuri. Na fara ba shi haƙuri kan abin da ya wuce, ya ɗaga hannu ya ce ba wannan ya kira ni ba. Ya ce, "Abin da na fara faɗa a makarantarku, zauna ka ji ƙarshensa."

Ya ce an tura su su tsallaka babban kogi da sassafe. Suna isa tsakiya aka buɗe musu wuta daga gaɓar can. Jiragen ruwan da ke gaba suka kama da wuta, mutane na faɗawa ruwa, mafi yawansu 'yan Arewa ne da ba su iya iyo ba. Shi ya samu ya faɗa wani kwalekwale da ya juya baya, wanda ya riga ya cika har ruwa na shiga ta baki. Sai ga hannu ya kama gefen, daidai inda yake durƙushe. Fillo ne. An harbe shi a kafaɗa, hannu ɗaya ya rage masa. Nauyinsa ya karkatar da kwalekwalen, ruwa ya fara kwararowa ciki. Saje na ihu, sauran na ihu, a cire hannun nan ko duk a nutse.

"Na fara kama wuyan rigarsa in jawo shi," in ji Baffa. "Allah shi ne shaida na fara. Da na ja, sai ruwa ya zo mini har cinya. Sai tsoro ya kama ni, Malam. Ba umarnin saje na bi ba, kada ka ce umarni ne. Tsoron mutuwa ne. Na saki rigar, na ɗauki bindiga na buga masa gindinta a yatsu. Bai saki ba. Na sake bugawa."

Ya ce saboda kwalekwalen nan ya tsira aka ƙara masa igiya ya zama kofur. Ya ce bayan yaƙi ya yi wata uku a gida bai iya zuwa ruga ba. Ranar da ya je, Nene ta fito da gudu ta leƙa bayansa tana neman ɗanta. Da ta zauna ta tambaye shi yadda aka yi, sai ya ji bakinsa yana cewa harsashi ne ya sami Fillo a ƙirji, ya cika da kalmar shahada, kuma shi da kansa ya yi masa sallah ya binne shi a gindin wata bishiya, ya fuskantar da shi gabas. Nene ta sa masa albarka. Ya ce wannan albarkar ta fi masa komai ciwo, kuma har ta mutu duk zuwan da ya yi sai ta sake sa masa ita.

"Na yi niyyar faɗa wa Nene, na kasa. Saura Adda. Ina so ka kai ni, in faɗa mata da bakina tun ina da baki. Kuma akwai maganar da ya yi mini kafin ya saki, yana kallona. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Cewa ya yi..."

Na miƙe. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Jikina ne ya ƙi ɗauka. Na ce, "Baffa, ya isa haka, kana wahalar da kanka. Allah Mai gafara ne. Ka huta, ga la'asar ta yi, in na dawo ma ƙarasa." Na fita masallaci, daga masallaci na hau babur na koma Tudun Wada.

Sau uku yana aiko mini. Na farko na ce ana jarrabawa. Na biyu na ce ruwa ya ɓata hanyar Doguwa, mota ba za ta shiga ruga ba. Na uku na ce a bari a gama kaka ya ɗan ji ƙarfi. Duk akwai gaskiya a ciki, amma ba su ne dalili ba. Dalilin shi ne ba na so in tsaya a wurin in ji ana faɗa, ba na so a san Baffan da na yi ta cika baki da shi haka labarinsa yake. Ya rasu ban koma ba. Goggo ta ce da safen ranar ya tambaya ko Malam ya zo da motar da za ta kai shi wajen Adda.

Bayan sadakar bakwai na ɗauki babur na nufi Doguwa. Na isa rugar da hantsi, an fita da shanu, Adda na zaune a inuwar bukka tana kaɗa nono. Ta yi murna, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka dama fura. Na ce ba zan iya sha ba sai na sauke abin da na ɗauko. Na faɗa mata duka, yadda ya faɗa mini, ban rage bugu na biyun ba. Na kuma faɗa mata ya so ya zo da kansa, ni na hana.

Ba ta yi kuka ba. Hannunta dai ya tsaya a kan ƙwaryar. Can ta ce, "Shekara hamsin da ɗoriya yana zuwa nan. Ya ci tuwonmu, ya ɗauki 'ya'yana a kafaɗa. Bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. Na ɗauka kunya ce irin ta mutanen kirki." Ta ƙara da cewa, "Nene ta mutu tana cewa ko ba komai ɗanta yana da kabari."

Na ce, "Adda, ki yafe masa."

Ta ce, "Ba yatsuna ya buga ba, ɗan Kofur. Mai yatsun yana can, yanzu sun haɗu." Ta ɗago ta dube ni sosai. "Yayana ya yi magana kafin ruwa ya tafi da shi?"

Na ce ya yi.

"Me ya ce?"

A nan na gane yadda Baffa ya yi ƙaryarsa, domin tawa ta riga ta zo bakina a shirye. Da na ce kalmar shahada ya yi, ko sunan Nene ya kira, da ta karɓa ta gode, babu kuma mai rai da zai ƙaryata ni. Na haɗiye ta da ƙyar. Na ce, "Ban sani ba, Adda. Ya buɗe baki zai faɗa mini, na tashi na bar shi."

Ta daɗe tana kallona, har na gwammace ta zage ni. Daga baya ta ce, "To, ta tafi ke nan." Ta ajiye ƙwaryar, ta aika a kira 'ya'yanta maza daga wurin kiwo, da malamin rugar. Da suka taru ta ce musu kawunsu da suke jin labari ba a yi masa sallah ba, ba a binne shi ba, yau za a yi masa addu'a da sadaka. Aka kama ɗan bijimi aka yanka. Malamin ya ɗaga hannu ya yi wa Fillo addu'a mai tsawo, da sunansa na yanka, wanda sai ranar na fara ji. Daga bakin bukka ina jin muryar Adda sama da ta kowa tana cewa amin, amin.

Sannan malamin, wanda shi ma ya san Baffa shekara da shekaru, ya ce a sa da Kofur. Ya roƙa masa gafara da rahama. Mazan suka amsa. Na kasa kunne wajen bukka, ban ji komai ba. Ban ce ba ta faɗa a zuci ba, ban kuma ga laifinta ba. Da zan tafi ta sa aka ɗaure mini nama a ganye, ta ce in kai wa Inna, in gaishe ta da haƙuri. Da na tambaye ta ko in rubuta wannan, ta ce in rubuta, a san yayanta a kogi yake.

Wannan shi ne Baffana: wanda ya goya ni a cikin taɓo, wanda ya buga wa abokinsa gindin bindiga, wanda ya so ya faɗi gaskiya sau biyu a gabana, sau biyun ni na rufe masa baki. Ya Allah, Kai ka ga abin da ya faru a ruwan nan, Kai ka ji maganar da na ƙi tsayawa in ji. Ka jiƙan Fillo, Ka karɓe shi cikin shahidai. Ka gafarta wa Baffa, Ka sasanta tsakaninsa da abokinsa. Ni ba ni da fuskar da zan koma in roƙi Adda amin ɗin da ta riƙe. Kai da ka karanta har nan, in zuciyarka ta yarda, ka ce masa amin.